Gurbin Malamin da Ba a Cikewa

Duk shekara idan shugaban ƙasa ya kai kasafin kuɗi gaban majalisa, sai muhawara ta kaure a rediyo da shafukan sada zumunta kan kashi nawa aka ware wa ilimi. Muhawarar tana da amfani, sai dai yaron da ke aji biyu a wani ƙauye na Gwarzo ko Maigatari ko Illela kusan babu ruwansa da wannan adadi. Mafi yawan abin da gwamnatin tarayya ke ware wa ilimi jami'o'i ne da kwalejoji da sakandaren tarayya ke cinye shi. Albashin malamin da ke koya wa wannan yaro baƙi da wasali daga kason ƙaramar hukuma yake fitowa, wato daga matakin gwamnati mafi rauni a Najeriya. Wanda yake son ya gane yadda ragin kuɗi ke taɓa firamare, wannan hanyar zai bi.

Kowane wata ana zama a Abuja a raba abin da ya shiga asusun tarayya. Gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 20.60. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana bi ne ta asusun haɗin gwiwa da sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada, wanda a aikace gwamna ke riƙe da makullinsa. Daga nan ake cire albashin malaman firamare a miƙa wa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta biya. A ƙananan hukumomi da yawa wannan albashi shi ne kaya mafi nauyi a wuyansu. Kuma kusan duk kuɗin da ake kashewa kan firamare wata-wata albashi ne, don abin da ke isa hannun hedimasta na gudanar da makaranta bai taka kara ya karya ba, a wurare da dama ma babu shi sam. To idan farashin mai ya faɗi, kaso ya ragu, ina za a yanka? Babu inda ya rage sai jikin malami.

Akwai taga ta biyu da kuɗi ke bi zuwa firamare, ita ce UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware mata kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma rabin kuɗin ba ya fita sai jiha ta ajiye kwatankwacinsa. Amma wannan na ginin aji ne da benci da littattafai da horaswa, ba a biyan albashi da shi. Tunda kaso ne na kuɗin shiga, shi ma yana hawa da sauka tare da mai. A 2020, lokacin annobar korona, kasafin da gwamnati ta yi wa kwaskwarima ya nemi sauko da shi daga kusan naira biliyan 111 zuwa biliyan 51.

Abin da ya sa mutane ba sa ganin ragin da wuri shi ne da wuya ya zo da sanarwa. Gwamna ba ya fitowa ya ce ya rage malamai. Takarda ce kawai za ta fita daga ofishin shugaban ma'aikata cewa an dakatar da ɗaukar aiki har sai abin da hali ya yi. Daga ranar kuma kowane wata wasu malamai na cika shekarun aiki su yi ritaya, wasu Allah Ya yi musu rasuwa, wasu su samu hanya su koma sakatariya ko wata ma'aikata, wasu su tafi ƙaro karatu su ƙi dawowa. Babu wanda aka kora, saboda haka babu yajin aiki, babu labari a jarida. Sunan malami ya fita daga takardar albashi, gurbinsa ya zauna haka nan. Kamar yadda gara ke cin azara ne, daga waje ɗaki lafiya lau, sai ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi.

Ga yadda abin yake idan ka shiga irin wannan makaranta da safe. Aji shida ne, malamai uku har da hedimasta, ɗaya daga cikinsu malamin Arabiyya ne. Bayan an tashi daga taron safe, sai a kora 'yan aji ɗaya da aji biyu ɗaki guda, yara sun haura ɗari, na gaba gwiwarsu na taɓa bangon allo, na baya suna leƙe ta taga. Malama ta rubuta haruffa biyar, ta ɗaga murya su maimaita, ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. A cikin wannan amo ba ta da hanyar sanin wane ne ya gane harafin, wane ne ke bin bakin na kusa da shi. Ko da ta so ta duba littafin kowa, minti ɗaya-ɗaya ya fi ƙarfin lokacin darasin. Aji uku da huɗu an rubuta musu aiki a allo an bar su da monita da tsumagiya. Hedimasta yana aji shida saboda jarrabawar shiga sakandare ta matso, kuma da sakamakonta za a auna shi. Idan aka kira shi taro a ofishin sakataren ilimi, ranar aji biyar da shida sai wasa har a tashi. Rajista kuwa ta nuna kowa ya zo, makaranta a buɗe take.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. A 2024 shugaban UBEC na lokacin, Dakta Hamid Bobboyi, ya ce firamaren gwamnati na da giɓin malamai 194,876. Wannan adadi ma yana ɓoye wani abu, domin giɓin ba a raba shi daidai ba. Idan malamai suka yi ƙaranci, mai uwa a gindin murhu shi ke zaɓar inda zai zauna, kuma cikin gari zai zaɓa. Sai ka samu makarantar da ke kusa da gidan sarki ko sakatariya malamai sun yi mata yawa, ta rugar da ke bayan rafi kuwa mutum ɗaya ne hedimasta, shi ne malamin kowane aji, shi ne mai buga ƙararrawa. Malamai mata su ne suka fi wuyar samu a karkara, kuma iyaye da yawa sun fi sakin jiki su bar 'ya mace da ta fara girma a makarantar da akwai mace a cikin malamanta.

Mun taɓa ganin wannan da idonmu, kuma a babban sikeli. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE, ilimin firamare kyauta ga kowa, lokacin kuɗin mai na shigowa. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan uku suka zo. Cikin shekara huɗu yawan 'yan firamare ya tashi daga wajen miliyan shida zuwa sama da miliyan goma sha biyu. Aka buɗe kwalejojin horon malamai ko'ina, aka yi ta yaye malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. A Arewa ƙauyuka da yawa a lokacin suka fara ganin ajin boko. Gwamnatin tarayya ce ke ɗauke da kaso mai tsoka na kuɗin.

Sai abubuwa biyu suka haɗu. Tsarin mulkin 1979 da sabon tsarin rabon arziki suka mayar da nauyin firamare kan jihohi da ƙananan hukumomi, farashin mai kuma ya fara zubewa daga 1981. A 1982 Shugaba Shagari ya shelanta tsuke bakin aljihu. Malaman firamare suka riƙa yin watanni babu albashi, a wasu jihohi makarantu suka zauna a rufe tsawon zango. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1983 jihohi da dama suka dawo da kuɗin makaranta da harajin ilimi, aka rage ma'aikata, aka haɗe wasu makarantu. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya zo ya karya darajar naira, ɗan albashin da ake biya ya zama ba ya kai mutum tsakiyar wata. Tsakanin 1983 da 1987 yawan yaran da ke firamare ya ragu da sama da miliyan biyu, a ƙasar da kullum haihuwa ake yi. Yaran da aka cire a wannan tsakani ba su dawo ba da abubuwa suka lafa. Su ne iyaye da kakannin yaran yau, kuma da yawansu abin da suka sani game da boko shi ne wurin da aka karɓi kuɗinsu ba a koya musu komai ba.

Gwamnatin Babangida ta gane ɓarnar, ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa da Doka ta 31 ta 1988, tarayya ta koma sa hannu a albashi, abubuwa suka ɗan daidaita. A 1991 aka rushe hukumar aka miƙa komai ga ƙananan hukumomi. Tsofaffin malamai har yau idan suna ba da labarin waɗannan shekaru ransu ɓaci yake yi: ciyaman ne ke yanke shawarar ko a biya malamai ko a yi wani abin, kuma sau da yawa wani abin ake yi. A 1993 aka dawo da hukumar, aka koma cire albashin malamai tun daga tushe kafin kuɗi ya isa hannun ciyaman. Haka aka tafi har hukuncin Kotun Ƙoli na 2002 ya hana irin wannan cirewa daga asusun tarayya, lamarin ya koma hannun jihohi. Darasin waɗannan shekaru goma sha biyar a bayyane yake. Duk lokacin da aka killace albashin malami, makarantu na numfasawa, duk lokacin da aka bar shi ya yi gogayya da kwangila da hidimar siyasa, shi ke shan ƙasa.

An sake maimaitawa a 2015 da 2016, da gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da dala 30. Shugaba Buhari da kansa ya ce jihohi 27 cikin 36 na fama da biyan albashi, har sai da tarayya ta ba su tallafin ceto. A jerin waɗanda ake bi bashi, malaman firamare da 'yan fansho na ƙananan hukumomi ne a ƙarshen layi. A wasu jihohi, Kogi ce aka fi ambata, aka shiga biyan albashi kashi-kashi, wannan wata rabi, wancan wata ƙasa da haka. Ƙarin girma ya koma na takarda, mutum ya hau mataki amma kuɗinsa na nan inda yake. Kuɗin hutu ya ɓace. Malamin da aka yi wa haka ba ya ajiye aiki, don babu wani aikin. Acaba yake fara yi, ko ya koma gona da damina, ko ya kafa teburin awo a kasuwa, ya riƙa leƙa makaranta. Hedimastan da shi ma bashi yake bi ba shi da bakin tsawata masa.

Yanzu kuma ragin ya sake kama. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin da ake rabawa wata-wata ya ƙaru sosai a lissafin naira. Amma hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, saboda haka albashin da bai motsa ba an zaftare shi ke nan ba tare da kowa ya sa hannu a takarda ba. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, kuma a wurare da yawa ma'aikatan jiha suka fara gani, malaman firamare aka ce su jira. A Abuja kanta, malaman firamare na ƙananan hukumomi shida sun shiga yajin aiki a watan Maris na 2025 kan wannan batu, yara suka zauna a gida sama da wata uku kafin ministan birnin ya shiga tsakani. Idan haka ta faru a inda ofishin UBEC yake, sai a auna abin da ke faruwa a inda babu ɗan jarida.

Da giɓi ya yi yawa har ya fara jawo surutu, maganin da aka fi runguma shi ne malami mai araha. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya tura dubban matasa azuzuwa kan naira 30,000 a wata, aka sallami rukunin farko da na biyu a 2020, makarantun da suka dogara da su suka wayi gari babu kowa. Jigawa ta yi J-Teach, Katsina ta yi S-Power, Kano ta daɗe da malaman wucin gadi na shirin BESDA kafin a fara mayar da su na dindindin. Ƙasa da su kuma akwai malaman sa-kai da ƙungiyar iyaye ke ba ɗan abin sabulu. A cikinsu akwai haziƙai masu son aikin, na san da haka, kuma ba don su ba da makarantu da yawa sun rufe. Amma wanda ba shi da fansho, ba shi da tabbacin wata mai zuwa, idonsa na kan ƙofa, kuma koyar da ƙaramin yaro karatu sana'a ce da sai an shekara ana yi hannu ke faɗawa. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu bin wannan hanya. Tun ƙarshen shekarun 1990, bayan matsin tattalin arziki ya hana ɗaukar ma'aikata, suka koma ga malaman kwantiragi har suka zama su ne mafi yawa a firamare. Yara sun ƙaru a aji, amma yajin aiki kan jinkirin biya da koke kan ingancin karatu suka zama abin kullum.

A nan ne nake ganin ya kamata a sake duba abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malamai kusan 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba, ta sallame su. An yi ta jayayya kan ko an yi adalci, kuma ba wannan nake son warwarewa ba. Tambayar da ta fi damuna ita ce yadda aka yi aji ya cika da irin waɗannan malamai tun farko. Shekara talatin ana biyan aikin abin da ba ya riƙe mai ƙwazo, an rufe kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar Grade II, ɗaukar aiki ya koma rabon 'yan siyasa, ba a tura kowa ƙaro sani. Wasu daga cikin waɗanda suka faɗi jarrabawar su ne yaran da suka yi firamare a shekarun da malamansu ke yin wata shida babu albashi.

Bayan malamai, sai abubuwan da ke sa makaranta ta zama makaranta. Waɗannan su ke fara mutuwa domin babu mai yin yajin aiki a kansu. Wanda ya yi firamare a da zai tuna darasin sana'ar hannu, da lambun makaranta, da wasannin tsalle-tsalle tsakanin gidaje, da akwatin magani a ofishin hedimasta. Yawancinsu yanzu sai a jadawalin da ke manne a bango. Malamin da ke riƙe da aji biyu Turanci da lissafi kawai zai iya taɓawa. Jami'in duba makarantu yana nan a ofis, babur ɗinsa babu mai, don haka makarantar da ke nesa da kwalta na iya shekara ba wanda ya leƙa ta. Ajin share fage na ƙananan yara, inda aka buɗe shi, shi ake fara ɗauke wa malama idan wani aji ya rasa. Maigadi ya yi ritaya ba a maye shi ba, sai tagogi da ƙofofi su fara tafiya, awaki su koma kwana a aji, masu shaye-shaye su gaje wurin da dare.

Ciyarwa ita ce misalin da kowa ya gani. Shirin tarayya da aka fara a 2016 ya riƙa ba 'yan aji ɗaya zuwa uku abinci kan naira 70 kowane yaro, daga baya aka ce 100, kuma gwamnati ta ce yara wajen miliyan tara zuwa goma ke amfana. Shirin na da matsalolinsa, daga 'yan kwangila har yaran da ke tafiya da an gama rabon abinci. Duk da haka a gidan da ake auna tura yarinya talla da tura ta makaranta, kwanon abinci ɗaya yana karkata ma'auni. A watan Janairun 2024 aka dakatar da shirye-shiryen tallafin jama'a saboda binciken badaƙala, ciyarwa ta tsaya tare da su, a daidai lokacin da abinci ya fi tsada a tarihin ƙasar. Masu dafa abincin, mata ne na unguwa, su ma sana'arsu ta tsaya.

Kuɗin da gwamnati ta janye ba ya ɓacewa, kan iyaye yake komawa. Doka ta ce ilimin farko kyauta ne kuma dole, amma hedimastan da ba a ba shi ko kwalin alli ba dole ya nemi na alli, na jarrabawa, na katin sakamako, na gyaran rufi. Ɗari biyu nan, ɗari biyar can. Ga mai albashi ba komai ba ne, ga mai 'ya'ya bakwai da ke jiran kaka kuwa dalili ne na cire biyu. Masu ɗan hali su kwashe nasu su kai makarantar kuɗi, ko da ta cikin shago ce. Tafiyarsu ita ce asara mafi girma da ba a lissafawa, domin su ne masu iya shiga ofishin ciyaman su buga tebur. Kansila da sakataren ilimi da shi kansa malamin, in ya samu hali, 'ya'yansu ba sa wannan makaranta. Binciken halin yara da mata (MICS) na 2021 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF ya gano cewa kusan kashi 27 cikin ɗari ne kawai na yara masu shekara 7 zuwa 14 ke iya karatu na matakin farko, kuma jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas na ƙasa da wannan.

Masu cewa matsalar ba ta kuɗi kaɗai ba ce suna da hujja, kuma bai kamata a share ta ba. Akwai malaman bogi a takardar albashi, akwai masu karɓar albashin malanta suna zaune a gidan wani babba. Akwai biliyoyin naira da ke kwance a UBEC shekara da shekaru saboda jihohi sun ƙi ajiye nasu kason. Kuma idan kuɗin ya fito, gini aka fi so, don gini ana ganinsa, ana yanka masa kyalle, akwai kwangila a ciki. Shi ya sa za ka ga sabon bulo mai fenti da sunan aiki a jiki, ciki babu malami. Sai dai duk wannan hujja ce ta a tsaftace takardar albashi a cike gurbin da mutanen gaske. Abin da aka saba gani shi ne a yi tantancewa, a cire sunaye dubu kaza, a sanar da kuɗin da aka ceto, sannan ba a ɗauki kowa ba. Jihar da ta yi ƙoƙari, irin Kano da ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024 ta kuma ware masa kusan kashi 30 na kasafinta, ita ma da wannan za a auna ta: malamai nawa suka shiga aji, nawa suka fita a shekarar, kuma a wace makaranta aka ajiye su.

Batun da ke gabanmu yanzu shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Jama'a da yawa sun yi murna, kuma da dalili, ganin yadda gwamnoni suka yi da asusun haɗin gwiwa. Ƙungiyar malamai ta NUT kuwa ta daɗe tana cewa ba ta ƙin 'yancin ƙananan hukumomi, amma kada a mayar da albashin 'ya'yanta hannun ciyamomi, saboda ta tuna 1991. Ina ganin tsoronsu na kan hanya. Ƙaramar hukumar da ke da yara da yawa da makarantu da yawa, wadda albashin malamai zai cinye mafi yawan kasonta, ita ce za ta fi jin sha'awar daina ɗaukar malamai, alhali ita ta fi buƙatarsu. Ko ta hannun wa kuɗin zai bi, abin da ya kamata majalisa da gwamnoni su rubuta a doka shi ne a fitar da albashin malamin firamare kafin a taɓa komai, jiha da tarayya su cika wa ƙaramar hukumar da kasonta bai isa ba, kuma duk malamin da ya yi ritaya a maye gurbinsa a makarantar da ya bari kafin sabon zango ya shiga.